Mataki Ɗaya Ƙasa da Takarda

Ferrara, 8 ga Oktoba, 1596

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan takardar nan ta same ka cikin sauƙi. Yaya jikin? Yaya hannun, yatsun sun fara motsi ko da kaɗan? Allah Ya ƙara afuwa. Ina gaishe da Yaya Zanobia, tun da na san ita za ta karanta maka wannan. Yaya, don Allah kada ki tsallake ko layi ɗaya don kin ga surutuna ya yi yawa.

Na iso lafiya ranar Talata. An ba ni ɗakinka na kusa da matakala, molonka yana rataye inda ka bar shi ranar da ciwon ya kayar da kai. Na daɗe ina kallonsa kafin na iya taɓa shi.

Washegari Uwargida Polissena ta sa aka kira ni. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Wannan ce 'yar makaɗin namu? To ai molon ya girme ta." Matan da ke wurin suka kwashe da dariya, ni kuwa na rasa inda zan sa idona sai kan takalmina. Ta ce albarkacin shekara goma sha tara da ka yi a gidan nan za a gwada ni, daga yanzu zuwa bikin Waliyi Martino, ranar sha ɗaya ga Nuwamba. In mawaƙiyar gida, Donna Ippolita, ta gamsu da yadda nake raka mata waƙa, na zauna a gurbinka. In ba ta gamsu ba, an riga an yi magana da Gwaggo Cherubina, akwai gado ɗaya babu kowa a gidansu na masu zaman ibada. Baba, ka san dokar wurin nan. Ba a shiga da molo, ba a shiga da littafin labari, kuma wadda ta shiga ta shiga ke nan.

Akwai wani Ottaviano, ɗan ƙanen wakilin gida, bai daɗe da dawowa daga Venezia ba. Shi ma makaɗi ne, kuma har masu wanke-wanke sun san gurbinka yake so. Zan faɗi abin kunya. Ranar da na fara hango shi a farfajiya da hula mai gashin tsuntsu, sai na ga kamar jarumin littafin nan da Yaya ta ƙwace mini bara, wanda ya haye teku bakwai saboda zobe ɗaya. Har zuciyata ta fara tsara yadda za mu gaisa. Sai ya buɗe baki ya ce, "Ke ce 'yar aron? Riƙe molon da kyau, kada ki ɓata mini shi kafin in karɓa." Nan jarumtar ta ƙare.

Amma ba shi ne ya sa na ɗauki alƙalami ba. Jiya muka yi gwajin farko da Donna Ippolita. Ta zaɓi waƙar makiyayiyar nan mai kuka a bakin rafi. Na buɗe littafinka na bi shi lamba bayan lamba, Allah shaida ban kuskure ko ɗaya ba. Da muka zo inda murya take hawa can sama, sai muryarta ta yage kamar tsohon ƙyalle. Ta juyo ta ce, "Ke! Wa ya ɗaure miki tsirkiyar nan? Kin ja ta kamar igiyar shanya!" Ta ciro 'yar sarewar ƙashin nan da take ratayawa a wuya ta busa, ta sa na taɓa tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Duk daidai suke. Wannan ya ƙara fusata ta. Ta ce, "Molon na ubanki ne, littafin na ubanki ne, hannun ne ba nasa ba. Tashi ki ba ni wuri."

Baba, me na yi? Na san magana tana yi maka wuya yanzu, amma ko kalma biyu ce Yaya ta rubuto mini.

Allah Ya ba ka lafiya.
'Yarka mai kewarka,
Laudomia

Ferrara, 17 ga Oktoba, 1596

Babana abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki? Kana iya cin abinci sosai? Yaya Zanobia, sannu da ɗawainiya, na ga kin ce yini guda kika yi kafin ki tattara kalmomin daga bakinsa. Allah Ya saka miki.

"Sauke mata mataki ɗaya. Kada ta sani." Na karanta ya fi sau ashirin. Ashe muryar Donna Ippolita ta daɗe da sauka, kai ne kake binta ƙasa a ɓoye, idonka a kan takarda, yatsunka a wani wuri daban. Shekara nawa kana haka, Baba? Kuma ba ka taɓa gaya wa kowa ba, ko ni?

Zan amsa laifina, na fara neman gajeriyar hanya. Ranar Litinin kafin in shiga wurinta na sassauta tsirkiyoyin duka da mataki ɗaya, na ce in na bi takarda haka nan sautin zai sauka da kansa. Ashe tun ranar farko ta ƙudura ba za ta ƙara buɗe baki ba sai ta gwada molon. Tana busa sarewar ta ce, "Laima ce ta sassauta miki su, ko kunnen ne aka manta a gida?" A gabanta na ɗaure su suka koma yadda suke. Muryar ta sake yagewa, na sake shan kora. Ke nan ba a wuyan molo za a yi ba, sai a yatsu.

Yaya, ke da ba ki taɓa son molo ba, bari in yi miki bayani don ki san abin da kike karantawa. Takardarmu layi shida ce, kowane layi tsirkiya ɗaya. Lambar da ke kan layi tana gaya maka gaɓar da za ka danna, sifili kuwa tsirkiya ce a sake. Ba ta gaya maka sautin ba sam, wurin yatsa kawai take nuna maka. Kamar wanda aka ce masa taku goma ka yi dama, taku biyar ka yi hagu, ba a gaya masa gidan wa za shi ba. In aka sauya masa ƙofar da zai fara, ya ɓata. To sauke mataki ɗaya shi ne a cire biyu daga kowace lamba. Biyar ta zama uku, biyu ta zama sifili, wannan da sauƙi. Amma sifili fa, me za ka cire mata? Dole ka tsallaka tsirkiyar da ke maƙwabtaka da ita, mai kauri, ka danna uku. Sai dai a tsakanin tsirkiyoyi biyu na tsakiya, can biyu za ka danna, ba uku ba. Duk wannan kuma yatsu huɗu a lokaci guda, waƙa tana tafiya, ba ta jiran kowa.

Na fara da waƙar makiyayiya. Ina zama tun hantsi har hasken taga ya kau, kan yatsuna sun yi jawur. Saura kwana ashirin da biyar.

Ka yi mini addu'a.
Taka har kullum,
Laudomia

Ferrara, 29 ga Oktoba, 1596

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka gaisuwar 'ya ga mahaifi. Yaya sanyi a wajenku? Na ji daɗi da Yaya ta ce ka taka har bakin ƙofa da sanda. Allah Ya sa ƙarshen wahalar ke nan.

Akwai labari mai daɗi, akwai wanda ya hana ni sukuni.

Mai daɗin shi ne na haddace waƙoƙin Donna Ippolita goma sha ɗaya a sauke. Ina buɗe littafin, ina juya shafi a kan lokaci kamar mai karatu, alhali da ka nake kaɗawa. Ranar Alhamis ta rera waƙar makiyayiya daga farko har ƙarshe, ta hau wurin nan ta sauko lafiya. Baba, ban taɓa sanin haka muryarta take ba in ta sami wuri. Sai da tsigar jikina ta tashi, na kusa manta juya shafi. Da ta gama ta ce, "To, yau kunnen ya iso." Da rana ta aiko mini da taliya mai cikin kabewa daga teburinta. Na ci ina hawaye, ban san dalili ba.

Ɗayan kuwa Ottaviano ne. Ya nemi izinin Uwargida ya riƙa zama wurin gwaji, wai yana ƙaruwa. Ba ya zama, a bayana yake tsayawa. Shekaranjiya da muka fito ya tare ni a matakala yana murmushi ya ce, "Ikon Allah. Takarda ta ce sifili, yatsan 'yar aro yana kan uku. Wane malami ya koya miki karatu, ko a ƙauyenku haka ake ƙirga?" A littattafai yarinya takan mayar da magana ɗaya tak mutum ya daskare. Ni sai da na kai ɗaki amsar ta zo mini, har guda uku.

Ban sani ba ko ya gane dalili ko yana zaton jahilci ne. Ko wanne ne, ya samo inda zai kama ni. Jiya ya sanar da Uwargida ya zo mata da sabon littafin waƙoƙi daga Venezia, ko ɗinkinsa ba a buɗe ba, kuma ranar biki zai miƙa shi. Ka san al'adar gidan nan fiye da ni. Sabon littafi a kan teburi ake buɗe shi bayan an ci abinci, mawaƙiya da makaɗi su yi shi nan take a gaban baƙi, don Uwargida ta yi alfaharin nata ba sa bukatar gwaji. Har tafi ta yi don murna.

Na cire kunya na roƙe shi ya bar ni in leƙa ko shafi ɗaya. Ya ce, "Haba, 'yar babban makaɗi guda? Ai raini ne in nuna miki."

Baba, hadda ba za ta cece ni ba. Waƙar da ban taɓa ji ba, in karanta, in sauke, in kaɗa, duk a numfashi ɗaya. In na bi takarda muryarta ta yage a gaban mutane, an sallame ni. In na sauke na rikice, an sallame ni. Kai yaya kake yi? Don Allah Yaya ki zauna da shi, ko zai ɗauki kwana biyu.

'Yarka,
Laudomia

Ferrara, 9 ga Nuwamba, 1596

Babana,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kana samun sauƙi. Ka gafarce ni, wannan gajera ce.

Saƙonka ya iso: "Riƙe ƙasa, saki tsakiya." Na gane. Tsirkiya mai kauri ita ce ƙasar da mawaƙiya take takawa, ita ba a sakinta. Sauran in sun yi yawa a zubar da wasu, ba mai ƙirgawa. Na kwaso tsofaffin takardun da ke ƙasan akwatinka waɗanda ban taɓa kaɗawa ba, ina buɗewa da ka ina gwadawa. A cikin goma nakan kai ƙarshen huɗu ba tare da na tsaya ba. Huɗu, Baba.

Donna Ippolita ta tashi da ɗan tari. Tana shan zuma da ruwan ɗumi, tana yi wa kowa tsawa. Sau biyu na je ƙofarta da niyyar in gaya mata gaskiya, in ce mu roƙi Uwargida a ɗage. Sau biyu na tuna ka ce kada ta sani, na juyo.

Gwaggo Cherubina ta aiko wata mata da igiyar awo, wai a auna tsayina saboda riga, don kada a yi gaggawa daga baya. Na tsaya aka auna.

Jibi ne.

Laudomia

Ferrara, 12 ga Nuwamba, 1596

Zuwa ga Babana abin ƙaunata,

Bayan gaisuwa da fatan ka tashi lafiya, kai da Yaya Zanobia. Yaya, ki zaunar da shi sosai kafin ki fara, kuma kada ki leƙa ƙarshe.

An yi biki jiya da rana. Baƙi sun kai talatin, an ci gasasshiyar dinya, an buɗe sabon ruwan inabi. Ni ko loma ban ci ba. Da aka kwashe kwanuka Ottaviano ya taso da littafin a naɗe cikin jan ƙyalle, ya rusuna ya miƙa. Uwargida ta buɗe da ka ta ce, "Wannan." Aka ajiye shi a gabanmu, warin tawada yana tashi. Waƙar wata mata ce da jirgin ruwa ya tafi da masoyinta. Na kai ido kan layin murya, na ga ta hau fiye da waƙar makiyayiya. Na dubi nawa layukan, sifili ko'ina kamar an watsa wake.

Donna Ippolita ta gwada tsirkiyoyina a gaban kowa, ta gyara tsayuwa. Ottaviano ya zagayo bayana, har ina jin numfashinsa.

Na ba ta sautin farko a sauke. Ta kama. Daga nan ban ƙara ganin ɗakin ba. Layi na farko ya wuce, na biyu ya zo da lambobi huɗu a jere a tsaye, na riƙe ta ƙasa da ta sama na watsar da biyu. Ba wanda ya motsa. Na fara jin kamar zan iya. To a baiti na biyu ne sifili ta faɗo a tsirkiyar tsakiya, yatsana ya tafi uku maimakon biyu. Baba, sautin ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Na ga wani tsoho ya ɗaga kai daga kofinsa. Ita kuwa ko gezau, ta ja kalmar da take kai ta yi mata ado ta rufe ni, har na dawo hanya.

Sai ga abin da ban taɓa tunani ba. Dab da wurin hawan, takarda ta ce sifili a tsirkiya ta ƙarshe, mafi kauri. Ba ta da maƙwabciya a ƙasa, babu inda zan tsallaka. Hannuna ya tsaya cak. Muryarta ta tafi ita kaɗai, babu komai a ƙarƙashinta, ta hau, ta hau, ta taɓa wurin da ƙyar kamar mai miƙa hannu don ɗauko abu a can saman kanta, amma ta taɓa. Na shigo a kalma ta gaba. Da muka gama wata baƙuwa tana share ido tana cewa wurin da molo ya yi shiru ya fi ko'ina taɓa ta.

Ana cikin tafi Ottaviano ya ɗaga murya. "Ranki ya daɗe, a gafarce ni. Na kawo miki aikin gwanayen Venezia, amma ba shi kika ji ba. Ina tsaye a nan, tun daga farko har ƙarshe yarinyar nan ba ta danna lamba ɗaya da ke takarda ba. Duk wanda ya iya karatu ya zo ya duba."

Tafi ya mutu. Uwargida ta ce, "Laudomia, gaskiya ne?"

Na ce, "Gaskiya ne, ranki ya daɗe."

"Saboda me?"

Amsar tana bakina, kalma biyar ce, kuma da na faɗe ta na tsira. Na saci kallon Donna Ippolita. Tana tsaye da hannu a ƙirji, fuskarta ta yi fari, ta tsufa nan take a idona. Na tuna shekarunka kana rufe mata. Uwargida ta ce, "Ko karatun ne ba ki iya ba?" Na ji bakina yana cewa, "Kuskurena ne, ranki ya daɗe." Har na ji ƙaiƙayin rigar Gwaggo a wuyana.

Sai Donna Ippolita ta yi dariya, irin dariyar nan tata mai cika ɗaki. Ta ce, "Kuskure? Yarinya, ba a tambaye ki tawali'u ba. Ranki ya daɗe, ni na sa ta. Shekara talatin ina waƙa, sai yau mai hular tsuntsu zai koya mini inda kuka yake zama? Matar da jirgi ya tafi da nata ba ta cara kamar zakara. Na dubi waƙar na ga an ɗora ta sama da inda baƙin ciki yake, na ɗaga wa yarinya gira, ta sauke mataki ɗaya nan take, a waƙar da ba ta taɓa gani ba." Ta juya wajen Ottaviano. "Kai kuma ɗan Venezia, tun da ido gare ka, ga molo. Buɗe shafi na gaba. Sauke mini mataki ɗaya, ina jira."

Baba, ba ta ɗaga mini gira ba. Ko kallona ba ta yi ba.

Ottaviano ya karɓi molon don ba yadda zai yi. Ya yi layi ɗaya lafiya, rabin na biyu, sai yatsunsa suka sarƙe. Ya koma farko, suka sake sarƙewa a wuri guda. Ya ce wuyan molon ne bai saba da shi ba. Tsohon nan mai kofi ya ce, "Ai kuwa wuyan bai sauya ba tun ɗazu." Ɗakin ya fashe da dariya. Uwargida ta ce, "Mayar wa yarinya molon ubanta, ita ce makaɗiyar gidan nan." Na so in ji daɗin kunyarsa, amma na san daidai inda ya sarƙe, tsirkiyar tsakiya ce, sai na ji tausayinsa kaɗan. Kaɗan dai.

Yau da safe na je gwaji. Na shirya godiya mai tsawo, na maimaita ta a matakala. Donna Ippolita tana zaune ta ba ni baya tana motsa zumarta. Kafin in ce komai ta ce, "Rufe ƙofa." Na rufe. Ba ta juyo ba ta ce, "Mataki ɗaya ya fara yi mini kaɗan. Kafin Kirsimeti ki koyi biyu." Cokalin ya ci gaba da zagaya kofi. "Kuma ban ce miki komai ba. Ubanki ma ban taɓa ce masa komai ba. In kin rubuta masa, ki ce ina gaishe shi."

To ga gaisuwarta na isar, Baba.

Yaya, ki aika wa Gwaggo ta ba da rigar nan ga wata. Ki kuma tambayar mini shi, in an cire huɗu, ina ake kai ɗaya?

Allah Ya ba ka lafiya, Ya bar mana kai.
'Yarka mai ƙaunarka,
Laudomia